"Turo Min Littafin Nan": Satar da Muka Raɗa wa Suna Sadaka

Mai karatu, bari in fara da abin da ya faru da ni, domin kada a ce na taka tudun laifina ina hangen na wasu. A 'yan shekarun baya na tattara darussan da na daɗe ina koyarwa a kan tsarin sautin Hausa, na gyara su, na kai maɗaba'a aka buga mini ɗan ƙaramin littafi. Wani kaso na kuɗin bugun daga aljihuna ya fito, ragowar kuma bashi na ci a ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan wurin aikinmu. Littafin bai cika wata huɗu da fitowa ba, sai wata safiya na buɗe wayata na tarar da shi cikakke, daga bango zuwa bango, a wani zauren WhatsApp na malaman jami'a da manyan ɗalibai wanda ni ma ina cikinsa. Wani bawan Allah ne ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su wuri guda, ya saka wa jama'a. A ƙarƙashin saƙon kuwa addu'o'i ke ta zuba: Allah Ya saka da alheri, Allah Ya ƙara ilimi, Allah Ya sa a mizani. Duk addu'o'in nan wanda ya ɗora littafin ake yi wa. Ni da na shafe shekara uku ina rubutu, ake kuma yankar bashi daga albashina duk ƙarshen wata, babu wanda ya ce mini ko sannu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara rubuta martani mai zafi. Ina tsakiyar rubutun sai idona ya kai kan kwamfutata da ke buɗe a kan tebur. A cikinta akwai wata ma'ajiya mai ɗauke da ɗaruruwan littattafai da maƙaloli na ilimin harshe, waɗanda ban taɓa biyan ko sisi a kansu ba. Da su na rubuta kundin digirina na uku, da su kuma nake shirya darasi har gobe. Nan take jikina ya yi sanyi, na goge martanin, na ajiye wayar.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, makonni kaɗan kafin wannan rana an tafka muhawara a wannan zauren a kan yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar fina-finan Hausa. Ba a samu mutum ɗaya da ya kare masu satar ba. Ɓarayi aka kira su, azzalumai, masu cin gumin wasu. Mutanen da suka yi wannan tofin Allah-tsine su ne suka yi wa mai ɗora littafina ruwan addu'a. Ba munafukai ba ne, na san su, mutanen kirki ne masu tsoron Allah. Saboda haka abin tambaya a nan shi ne, me ya sa aiki iri ɗaya yake zama laifi a idonmu in fim ya shafa, amma ya koma aikin lada in littafi ne?

Sunan da muke kiran abu da shi

Tun da harshe ne sana'ata, daga nan na fara neman amsa. In ka kasa kunne ga yadda muke magana, za ka ji cewa in ana batun fim, kalmar "sata" ce ke fitowa: satar fasaha, ɓarayin fim, an sace masa fim tun bai shiga kasuwa ba. Amma ban taɓa jin ɗan boko ya ce ya saci littafi a intanet ba. Abin da muke cewa shi ne "na samu littafin", kamar tsintuwa ce a kan hanya. Ko mu ce "na sauke shi", kamar kaya ne aka ɗora wa wani muka taimaka masa. Wanda ya fi kowanne yawa a bakinmu kuwa shi ne "don Allah turo min".

Mai karatu ya dubi ginin wannan 'yar jimlar. Wasalin "o" da ke ƙarshen "turo" yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana, "min" kuma tana nuna an yi aikin ne domin amfaninsa. Da irin wannan ginin muke cewa "miƙo min ruwa" ko "kawo min agaji". Mutum biyu kacal ke cikin jimlar, mai roƙo da mai kyauta. Na ukun, wato mai littafin, nahawun jimlar bai tanadar masa gurbi ba. Kalmar "sata" kuwa ba ta tsayuwa sai da wanda aka yi wa ita, domin da ka ce an yi sata, tambayar farko ita ce ta wa aka yi. Haka nan muna cewa "ara min PDF ɗin", alhali aro yana tafiya ne da mayarwa, kuma mai bayar da aro yakan rasa kayansa har sai an dawo masa da su. A nan babu mayarwa, babu rashi ga mai bayarwa. Rashin yana can wajen wanda ba ya cikin zancen.

Ba ina cewa nahawu ne ya sa mu cikin wannan hali ba. Harshe yana ɗaukar abin da al'umma ta riga ta yarda da shi ne, ya sa masa riga, har ya zama ba a ƙara ganinsa. Domin gane abin da muka yarda da shi ɗin, sai mun dubi kowace sana'a daban.

Fim, waƙa da manhaja

Ɓarawon fim mun san fuskarsa. Tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa ta ginu ne a kan sayar da kaset, daga baya faifan sidi, kuma Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar cinikin. Mai gurza faifan bogi yana da inji, yana da shago, yana karɓar kuɗi a hannu. Da wayoyi masu memori suka yawaita, sai masu tura fina-finai a waya suka bazu a kowane lungu da tasha, ka ba da 'yan canji a cika maka waya. Mun ga furodusoshi sun karye, mun ga 'yan wasan da muka sani sun fito suna kuka da bakinsu. Ga ɓarawo muna gani, ga wanda aka yi wa sata muna gani, ga kuɗi suna sauya hannu. Shi ya sa hukuncin bai yi mana wuya ba, ko da yake da yawa daga masu hukuncin wayoyinsu cike suke da waɗannan fina-finai.

Waƙa kuwa lamarinta daban ne. Mawaƙin Hausa tun asali ba da sayar da waƙa yake ci ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da takwarorinsu sun rayu ne a kan kyautar iyayen gida da kari a filin wasa, yaɗuwar kaset kuma ƙarin suna ce gare su. Mawaƙin zamani ma haka, biki da taron siyasa da wasan sallah su ne gonarsa. A Legas har an yi zamanin da sababbin mawaƙa ke biyan 'yan Kasuwar Alaba domin a saka waƙarsu cikin faifan haɗe-haɗe. A ƙasashen Turawa an yi artabu sosai: manhajar Napster ta fito a 1999, kamfanonin waƙa suka maka ta a kotu, ta tsaya a 2001. Amma abin da ya rage satar waƙa a can shi ne samuwar hanya mai sauƙi da araha, irin su Spotify da ya fara a 2008, ya iso Nijeriya a 2021. A nan gida ma saurayi ya fi son ya buɗe Audiomack ko YouTube da ya je neman mai turi.

Manhajar kwamfuta kuma ita ce wadda ba mu ma san sata ba ce. Ka sayi kwamfuta, ka kai wa injiniya a kasuwa, ya zuba maka Windows da Office da manhajar lissafin alƙaluma ta SPSS, ka biya shi kuɗin aikinsa ka tafi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka kuɗin da suka ba injiniya shi ne kuɗin manhajar. Wanda ya sani kuwa sai ya ce ai kamfanin Microsoft ba zai ji a jikinsa ba.

To in ka jera su, sai ka ga ma'auninmu ba ya duban aikin kansa. Abubuwa uku yake dubawa: ko mai yaɗawa ya karɓi kuɗi, ko mun san wanda aka cuta, da ko abin da aka ɗauka nishaɗi ne ko ilimi. Littafin da ake turawa a waya ya tsallake duka ukun. Mai turawa bai karɓi ko kwabo ba, marubuci ba ya fitowa a talabijin balle mu san fuskarsa, sannan littafi a wurinmu ilimi ne, shi kuwa ilimi ba a ɓoye shi.

Gadon kwafar littafi

Wannan ra'ayi na ƙarshe ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba abin rainawa ba ne. Ɗaruruwan shekaru kafin zuwan injin ɗab'i, littafi a ƙasar Hausa da hannu yake yaɗuwa. Ɗalibi ya ari littafin malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalami ya kwafe, a ƙarshe ya rubuta sunansa ya roƙi mai karatu addu'a. Ta haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka game ƙasa. A wancan tsari mai kwafa abokin aikin mawallafi ne, kuma littafin da ba a kwafa ba mutuwa yake yi. Addu'ar da aka yi wa wanda ya ɗora littafina jikar waccan addu'ar ce ta ƙarshen littafin hannu.

Sai dai mun ɗauki rabin gadon mun bar rabi. Malamin wancan zamani al'umma ce ke ɗauke da shi, ta hanyar sadaka da zakka da kyautar sarakuna da attajirai da ɗaliban da ke taya shi noma. Bai ci bashi ya buga littafi ba, bai kuma dogara da cinikinsa ba. Kwafar kanta aiki ne na makonni ko watanni, a kan takarda mai tsada da ake kawowa ta hamada, kuma ƙwararren mai kwafa ana biyansa ladan aikinsa. Sannan ba a wasa da sunan mawallafi da silsilar waɗanda aka karɓo ilimi daga gare su. Yau kuwa kwafa ta zama danna yatsa, mutum ɗaya ya raba wa dubu cikin daƙiƙa, wani lokaci ma a cire bangon da ke ɗauke da sunan mai littafin. Mun riƙe 'yancin kwafa, mun saki nauyin ɗaukar marubuci.

Ko a zamanin littafin takarda mun saba da karanta abin da ba mu saya ba. Littafi ɗaya na Balaraba Ramat Yakubu ko Ado Ahmad Gidan Dabino ko Bilkisu Ahmed Funtuwa yakan zagaye gida goma, kuma akwai shagunan hayar littattafai a unguwanni. Amma takarda tana tsufa, tana yagewa, ana ɓatar da ita, dole a sake sayen wata. In mutum goma sun karanta, aƙalla ɗaya ya saya. Shi kuwa fayil ba ya tsufa, ba ya yagewa, kuma kwafi ɗaya ya isa duniya.

Sata a gidan ɓarawo

Adalci ne in kawo hujjar masu turawa, domin ni ma da ita nake lallashin kaina. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafin ilimi da aka buga a Ingila ko Amurka ko Holan yakan kai dala 100, wani ma ya zarce. A 2024, bayan sakin Naira da aka yi a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta haura Naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma aka tsayar da shi a Naira 70,000. Ke nan littafi guda ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata biyu. Ta yaya zan cewa ɗalibina ya saya? Abin takaicin ma, manyan littattafan nahawun Hausa na zamani, wato na Paul Newman da ya fito a 2000 da na Philip Jaggar na 2001, a waje aka buga su da farashin waje. Harshen uwarsa ne, amma Bahaushe ba ya iya sayen bayaninsa.

Lamarin mujallun ilimi ya fi muni. Mu ne ke yin bincike, mu rubuta maƙala kyauta, 'yan'uwanmu su tantance ta kyauta, sannan kamfani ya kulle ta ya ce sai an biya dala talatin ko arba'in kafin a karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya sa wata ɗaliba 'yar ƙasar Kazakistan mai suna Alexandra Elbakyan ta buɗe shafin Sci-Hub a 2011, wanda ya tara maƙaloli sama da miliyan 80 yana bayarwa kyauta. A 2017 wata kotu a birnin New York ta yanke hukuncin a biya kamfanin Elsevier diyyar dala miliyan 15, amma masana a ƙasashe masu arziki da matalauta ba su daina shiga shafin ba. Da hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin shafin Z-Library a watan Nuwamban 2022, ɗalibai a faɗin duniya sun yi ta jimami kamar ɗakin karatu ne ya ƙone. A fagenmu na ilimin harshe ma, a 2015 editocin mujallar Lingua gaba ɗayansu suka ajiye aiki saboda saɓani da kamfanin Elsevier a kan farashi da buɗe mujallar ga kowa, suka kafa wata mai suna Glossa wadda ake karantawa kyauta. Wato su kansu Turawan sun san tsarin da gyara.

Don haka in ɗalibi ya sauke maƙalar da marubucinta bai taɓa samun ko kwabo daga cinikinta ba, ya ce sata a gidan ɓarawo rance ce, ba zan ce doka na tare da shi ba, amma na fahimci inda ya dosa. Matsalar ita ce, hannun da ya saba ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Hujjar da muka ƙera domin manyan kamfanonin Turai, da ita muke shiga gidan maƙwabcinmu.

Wanda abin ke faɗa wa

Akwai wata ɗalibata, matar aure mai 'ya'ya uku, da ke rubuta ƙagaggun labarai a waya. Tsadar takarda da mutuwar kasuwar littattafan Hausa na bugu sun sa marubuta irinta, waɗanda akasarinsu mata ne, sun koma intanet. Tsarin da suke bi shi ne, marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, wanda labarin ya kama shi ya tura Naira 500 ko 1,000, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Da wannan kuɗin take biyan kuɗin makarantarta, da shi take taimaka wa maigidanta. Ta faɗa mini cewa sau da yawa ba a yin awa guda da sakin sabon shafi sai ta gan shi a zaurukan kyauta. Daga baya a haɗe littafin gaba ɗaya a zuba a shafukan da ke cin kuɗin talla, ko wani ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube ba tare da ya ko gaishe ta ba. Shi ya sa za ka ga marubutan nan suna buɗe kowane shafi da roƙo da magiya, wasu har da Allah-ya-isa ga duk wanda ya karanta bai biya ba. Na taɓa yi wa wannan ɗabi'a dariya. Da na fahimci cewa ita kaɗai ce kotun da suke da ita, sai na daina.

A nan ne rashin adalcin ma'auninmu ya fito fili. Kowace sana'a daga cikin huɗun nan ta samu wata ƙofar tsira, ban da rubutu. Mawaƙi yana da biki da dandali. 'Yan fim, bayan faifai ya mutu, sun koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kamar yadda Labarina da Izzar So suka nuna tun daga 2020, kuɗin talla na shigowa ko da mai kallo bai biya ba. Kamfanonin manhaja sun koma karɓar kuɗin wata-wata, kuma gwamnatoci da bankuna na biyansu. Marubuci fa? Ba a gayyatarsa biki ya karanta babi na uku a yi masa liƙi. Littafin shi ne gonar, shi ne amfanin gonar. Dandalin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ke nan satar da muka fi yi wa uzuri ita ce ta fi faɗa wa mai rauni, mai raunin kuma namu ne.

Asarar ba ta marubuci kaɗai ba ce. Kullum muna kukan cewa babu littattafan kimiyya da Hausa, babu na tarihi, babu na yara, matasa sun daina karatu. To wa zai rubuta? Ni dai littafi na biyu da na yi niyyar bugawa yana nan cikin kwamfuta, kuma na san abokan aiki da dama da suka yi irin wannan lissafin suka haƙura. Harshen da masu iliminsa ba sa sayen littafinsa ba zai tara littattafai ba, komai yawan masu magana da shi.

Abin da doka da malamai suka ce

Doka ba ta san wannan bambanci da muke yi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba littafi kariya tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, alhali fim da sautin da aka naɗa shekara 50 suke samu. Ta bayyana cewa sanya aiki a intanet domin jama'a haƙƙin mai aikin ne, ta kuma tanadi hanyar da zai nemi a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Haka kuma ta bar ƙofa ga amfani na adalci domin nazari da koyarwa, da tanadi na musamman ga ɗakunan karatu da makafi. Ɗebo shafi kaɗan domin darasi daban, zuba littafi sukutum a zauren mutum ɗari biyar daban.

Ta fuskar addini, tun da da sunan lada ake yin abin, ya kamata a sani cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su ne ke da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da ke da wata fahimta, musamman a kan littattafan addini, ni kuma ba fagena ba ne. Amma ko ba komai, wanda ke neman lada da dukiyar wani ya dace ya fara tambayar mai ita.

Mafita

Ba na cikin masu ganin kame da ɗauri za su magance wannan lamari. Darasin waƙa ya nuna cewa mutane na barin hanyar sata ne in ta halal ta fi sauƙi. Saboda haka gyaran na kowa ne.

Mu malaman jami'a mu fara da kanmu. Binciken da aka yi da albashin gwamnati ko tallafin TETFund, a sake shi kyauta ta hanyar da doka ta yarda, a rumbun jami'a ko mujallun da ke buɗe ga kowa. Mu nuna wa ɗalibai inda halal ɗin take: African Journals Online, da maɗaba'ar Language Science Press ta Jamus da ke sakin littattafan ilimin harshe kyauta, da manhajoji irin su Praat da LibreOffice waɗanda masu su suka bayar don kowa. Ɗakunan karatu na jami'o'i su riƙa sayen littattafan marubutan gida da lasisin karanta su a waya, maimakon a bar kowane ɗalibi da dabararsa. Marubuta da maɗaba'u su ma su sauko da farashi, su sauƙaƙa hanyar biya, domin wanda ya sha wahala kafin ya biya Naira 500 gobe ba zai dawo ba. Attajiranmu kuma, da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe: a sayi haƙƙin littafi mai amfani daga marubucinsa, a biya shi, sannan a sake shi kyauta. Wannan ita ce sadakar da babu haƙƙin kowa a cikinta, kuma ita ce rabin gadon da muka yar.

Ga mai karatu kuwa, abin da nake roƙo ƙarami ne. Kafin ka danna turawa, ka mayar da mutum na ukun nan cikin jimlar. Ka tambayi kanka littafin wane ne, yana raye ko ya rasu, da cinikinsa yake ci ko kuwa, kuma kuɗin ya fi ƙarfinka da gaske ko dai bai kai na datar da za ka ƙona a daren nan ba. In marubucin yana nan Kano ko Gusau ko Zariya ko Maraɗi, lambar asusunsa na jikin littafin, to babu wani kamfanin Turai da za ka fake da shi.

Ni kaina ban goge waccan ma'ajiya ta kwamfutata ba, kuma ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa na goge ba. Abin da na iya shi ne, na bi ta ɗaya bayan ɗaya na ware littattafan marubutan gida, waɗanda ke kasuwa na saya, waɗanda na san masu su na neme su na biya ko na nemi yafiya. Wani dattijon malami da na kira ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce tun da ya buga littafin ni ne mutum na farko da ya taɓa kiransa a kan haka. Shi kuma wanda ya ɗora nawa littafin, na same shi mu biyu muka yi magana. Ya rantse mini cewa taimako ya yi niyya, na kuma yarda da shi, domin na san inda ya koyo. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, Ya sa mu dace.